Garantin ƙari ko ajiyar kuɗin gyara: amsa ga mai sayen Camry ta Kwatano

Malam, ka ce kun daidaita da dillali a kan Camry ƙirar 2012 da aka shigo da ita daga Kwatano, sai ya ce in ka ƙara naira dubu 350 akwai wani kamfani a Legas da zai ba ka garanti na shekara 2 a kan inji da giya. Tambayarka ita ce ka biya ko ka riƙe kuɗinka. Ni dai shawarata ka riƙe. Amma zan jera maka hanyoyin biyu kafaɗa da kafaɗa, domin akwai wanda garantin zai amfana, kuma a cikinmu nan ba a rasa irinsa ba.

Da farko a gane abin da ake sayar maka. Garanti na asali alkawarin kamfanin da ya ƙera motar ne, kuma yana cikin kuɗin sabuwar mota. A Amurka, Toyota tana ba da shekara 3 ko mil 36,000 a kan motar gaba ɗaya, shekara 5 ko mil 60,000 a kan inji da giya, duk wanda ya riga cika. Ka ga na motarka ya ƙare tun wajen 2017, kuma ko da sauransa ba ya biyo mota ya ƙetaro teku. Ballantana da yawa daga cikin motocin nan a gwanjon kamfanonin Copart ko IAA na Amurka aka sayo su bayan haɗari ko ambaliya, kuma motar da inshora ta riga ta yanke wa hukuncin ba ta gyaruwa garantinta kan faɗi tun a can. Saboda haka babu abin da ake tsawaita maka. Sabuwar yarjejeniya ce tsakaninka da wani kamfani da bai ƙera motar ba, bai kuma taɓa buɗe bonet ɗinta ba.

Ta fuskar kuɗi, garanti yana da fa'ida guda wadda ba zan raina ba: in giya ta mutu a wata na uku, kuma kamfanin ya cika alkawari, ka tsira daga hidimar da za ta iya cinye abin da ka biya har ta wuce. Ajiya ba ta da wannan, don in babbar ɓarna ta zo da wuri kuɗin ba zai isa ba. Sai dai in shekara biyun suka wuce lafiya, mai garanti ya tashi babu komai, mai ajiya kuwa kuɗinsa na nan. Ka tuna kuma a cikin dubu 350 ɗin nan akwai la'adar dillali da ribar kamfani, shi ya sa ka ga ya dage.

Inda hanyoyin suka rabu da gaske shi ne irin abin da ke lalata mota a Sakkwato. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, ka tsaya a cunkoson bakin kasuwa da tsakar rana allurar zafi ta fara hawa. Lagireto ya toshe, fanka ta tsaya, gaskit ya ƙone. Hunturu ya zo da ƙurarsa ta cika matatar iska. Ramukan hanyar Gusau su gama da shokozoba da sauran kayan ƙafa. Kwamfiresan AC kuwa ba ya hutawa. To ɗauki takardar garantin ka karanta shafin abin da ba su biya. Irin waɗannan yarjejeniyoyi sun saba cire taya, batir, burki, bel, da duk abin da amfani ke cinyewa. Sun saba cire ɓarnar da zafin inji ya jawo, da ta gurɓataccen mai, da duk laifin da motar ta zo da shi kafin a sa hannu. Wannan na ƙarshe shi ne babbar ƙofar zillewa a motar da ta haura shekara 10, domin kowace matsala za a iya cewa tsohuwa ce, kuma kai ba ka da takardun sabis ɗinta na Amurka, ba ka ma da tabbacin ba a mayar da mitarta baya ba. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma kamfanin ya fi ka sanin haka, a kan haka ya rubuta sharuɗɗansa.

Akwai wani abu da ya fi damuna. Mota na isowa garin nan, abu na farko da bakanikenmu zai yi shi ne ya cire tamostat, na'urar da ke daidaita zafin inji, ya haɗa fanka kai tsaye, wai motar ƙasar sanyi ce. Wannan kaɗai ya isa a ce ka sauya tsarin inji, garanti ya tashi. Haka in ka mayar da ita mai amfani da gas, ko ka sa ta kabu-kabu zuwa Illela ko Birnin Kebbi alhali a takarda motar gida ce. Za su kuma nemi rasit na kowane juyen baƙin mai, da kwanan wata da lambar mita. Wane gareji ne a unguwarku yake rubuta wannan? Kuɗin ajiyarka ba ya tambayar ko ɗaya daga ciki.

Sai maganar nisa. Tambayi dillali sunan garejin da kamfanin ya amince da shi a cikin Sakkwato. In ya ce Kano, to sama da kilomita 500 ke nan da motar da ba ta tashi, kuma kuɗin janwe a kanka yake in takarda ba ta ce akasin haka ba. Sannan ba a kwance ko noti ɗaya sai sun ba da izini, motar na zaune kana hawan agwagwa da buje da kabu-kabu kana jira. Mai ajiya ya kira bakanikensa da safe, a nemo kaya, aiki ya kama.

Wanda garantin ƙari zai yi wa rana shi ne mai sabuwar mota dal daga dila mai lasisin kamfani, wanda dama can a garejinsu yake sabis a Abuja ko Kano, musamman motocin zamani masu cike da kwamfuta da na'urorin da bakaniken gefen hanya ba shi da injin duba su. Shi ma da sharaɗin ƙarin daga kamfanin motar ne ko dilan da kansa, kuma ya fara aiki bayan na asali ya ƙare, kada ya biya kuɗi a kan shekarun da dama kyauta ne.

Ta ɓangaren addini, malamai da dama sun bambanta garantin da ya zo cikin cinikin kaya da wanda wani daban ya sayar shi kaɗai, suna ganin na biyun ya yi kama da inshorar kasuwanci saboda garar, wato rashin tabbas, da ke cikinsa. Kai wa malaminka takardar ya gani.

Damfara kuwa ta daɗe a wannan harka. A Amurka, a 2023 hukumar sadarwa ta FCC ta ci tarar kusan dala miliyan 300 a kan wani gungu da ya buga kira sama da biliyan 5 cikin wata 3 yana tallar garantin mota. Salon bai canza ba ko da ya iso wayoyinmu: saƙo ya shigo cewa garantin motarka ya kusa ƙarewa, ka biya yau ko farashi ya tashi. Duk wanda ya nemo ka ba kai ka nemo shi ba, ya matsa maka lamba, ya hana ka karanta cikakkiyar yarjejeniya sai ka ba da kafin alƙalami, ya turo lambar asusu mai sunan mutum ba na kamfani ba, ko ya nemi lambar katinka da BVN da lambar sirrin da banki ya turo maka, ka kashe wayarka. Duba rajistar kamfanin a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni. In sun ce inshora suke yi, duba ko NAICOM, hukumar kula da harkar inshora, ta ba su lasisi. Kada kuma a rikita ka da inshorar dole ta naira dubu 15 da aka fara karɓa tun Janairun 2023: ita ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta gyara maka inji. Wanda aka riga aka cuta, ya kai ƙorafi FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, da rasit ɗinsa, ya kuma sanar da bankinsa nan take.

Ga abin da zan yi da dubu 350 ɗin in ni ne. Kafin in biya kuɗin mota, zan ɗauki bakanikena, ba na dillali ba, a sa mata kwamfuta, a ɗaga kafet a duba tsatsa da laka, a bincika tarihinta da lambar shasi, a hau titin Wamakko da ita har giya ta shiga duka. In ta ci jarrabawa, a wanke lagireto, a canza mai da matatu, a bar tamostat a wurinsa. Ragowar a sa a asusu daban wanda uwargida ta san na mota ne, ana ɗan ƙarawa duk wata. In dillalin ya amince da motarsa, ya rubuta maka da hannunsa gaban shaidu biyu cewa inji da giya suna wuyansa na wata guda. Allah ya sanya alheri, Malam, ya tsare hanya.