Jirgin ƙasan Haramain: a yanki tikiti tun daga gida, ko a bari sai an je tasha?

Hajiya, kin ce za ku tafi Umra cikin azumi ke da Mama da ƙaninki, za ku sauka a Jidda ku fara da Madina, kuma kina so ki san ko ki yanki tikitin jirgin ƙasa tun kina gida ko ki bari sai kun isa. Allah ya sa ku je a sa'a. A ganina amsar ta rabu biyu, domin tafiyar ranar sauka daban take da tafiyar Madina zuwa Makka.

Jirgin Haramain ya fara ɗaukar fasinja a 2018. Layin ya kai kimanin kilomita 450, jirgin yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa, kuma tashoshinsa biyar ne: Makka, cikin garin Jidda, filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah kusa da Rabig, sai Madina. Tafiyar Madina zuwa Makka da bas kan yi a awa biyar zuwa shida, shi yana gama ta cikin awa biyu da rabi ko ƙasa da haka. Abin da ya shafi tambayarki shi ne kowane tikiti yana ɗauke da lambar tarago da ta kujera, ba a tsayuwa. Kujeru 417 ne a jirgi ɗaya, 304 na gama-gari, 113 na manya. In sun ƙare sun ƙare, babu kwandastan da za a roƙa ya matsa miki.

Wanda ya saya tun da wuri yana da zaɓin lokaci, kuma cikin azumi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kowa so yake ya isa kafin buɗa baki, ko ya tashi bayan tarawihi, don haka jiragen waɗannan lokutan su ke fara cika. Yana kuma samun kujeru a jere. Ku da kuke tare da dattijuwa, wannan shi ne ya fi damuna: a ce Mama tana tarago na uku, ke kina na tara, ƙaninki ma sai jirgin da ke biye, ga ta ba ta jin Larabci, ga shi ba wanda zai kama mata hannu in za ta ban ɗaki. Sannan kujerun gama-gari su ke fara ƙarewa, mai zuwa a makare yakan tarar saura na manya, waɗanda kuɗinsu ya ɗara sosai. A Faransa ko Jamus ko Ingila mutane kan yi sayen wuri ne domin rangwame. A nan kuwa babbar ribar ita ce samun kujerar ita kanta.

Illarsa ɗaya ce, amma mai nauyi: tikitin a ɗaure yake da jirgi guda. In ya tashi ba ku, an yi asara, canji ko mayar da kuɗi kuma yana da sharuɗɗan da ya kamata ki karanta kafin ki biya.

Saye a tasha yana ba ki 'yanci. Akwai kanta, akwai na'urorin sayarwa, ba ki da fargabar agogo. A watannin da babu cunkoso, mutum ɗaya mai ƙaramar jaka zai iya yin haka hankali kwance. Amma mutum uku cikin Ramadan, caca ce. Mun san yadda ake yi a tashoshin jirgin ƙasa na Rigasa da Idu gab da sallah, mutum ya je da sassafe a ce masa babu. To ki ninka wannan da jama'ar duniya baki ɗaya.

Ga yadda zan raba miki. Madina zuwa Makka, ki saya da zarar an buɗe sayar da tikitin ranar. Kin san ranar da za ku bar masauki, ke ke da iko da lokacinki, babu dalilin jira. Haka na komawa Jidda ranar dawowa gida, ki zaɓi jirgin da zai kai ku da tazara mai yawa.

Ranar sauka ce ke buƙatar tunani. Jirgin sama daga Kano ko Abuja ko Yamai yana iya makara, layin jami'an shige da fice yana iya tsawo, kaya suna iya jinkirin fitowa. Ƙari a kan haka, tashar jirgin ƙasan da ke filin jirgin saman a haɗe take da Tamina ta 1, ɗaya daga cikin gine-ginen saukar fasinja. In jirginku ya sauke ku a taminar arewa ko ta alhazai, sai kun nemi mota ta kawo ku. Don haka ki duba inda za ku sauka tukuna. Ni dai zan ce ki saya, amma ki bar aƙalla awa huɗu tsakanin saukarku da tashin jirgin ƙasan. Zama a filin jirgi da tikiti a hannu ya fi yawo da tsohuwa ana cigiyar mota. In kuma saukar tsakar dare ce, ki duba jadawalin ranar, wataƙila mota ko kwana a Jidda ya fi muku sauƙi.

Kafin ki kashe ko sisi, ki tambayi ejan ɗinku. Da yawa sukan haɗa kuɗin bas cikin abin da kuka riga kuka biya, kada ki biya sau biyu ba da saninki ba. In kin ga awa shida a mota za ta wahalar da Mama, sai ki sanar da shi cewa ku jirgi za ku bi, don ya san lokacin da za ku iso masauki.

Wurin saye, ki yi amfani da shafin Haramain na hukuma ko manhajarsu, ki rubuta suna da lambar fasfo daidai yadda suke, ki kuma gwada katin bankinki tun kina gida. Ki ajiye hoton tikitin a waya, saboda ranar farko ba lallai ki samu data ba. Kaya kuma an ƙayyade su: babbar jaka ɗaya da ba ta wuce kilo 25 ba, da ta hannu. Wanda ya cika buhuna da dabino da tsaraba a Madina zai sha wahala a bakin ƙofa.

Ki lura tashoshin ba a bakin Harami suke ba. Ta Makka tana unguwar Rusaifa, ta Madina ma sai an hau mota, kuma bayan an idar da salla hanyoyin kan cushe. Ku fito da wuri.

Sai batun harami. Jirgin da ya tashi daga Madina ba ya tsayawa a Zul-Hulaifa, mikatin mutanen Madina, kuma mikatin yana kusa, 'yan mintuna bayan tashi an wuce shi. Ku yi wanka a masauki, ƙaninki ya ɗaura haraminsa kafin ku fito, ku shiga jirgi a shirye da niyya. Masu son yin salla a masallacin mikatin kan ɗauki tasi su fara biyawa can sannan su wuce tasha. In haka kuke so, ki ƙara awa guda a lissafinki kafin ki zaɓi jirgin da za ki yanka.