La Mandragola (1965): na ba shi huɗu cikin biyar, amma kar ku kalla da yara

Jama'a masu son tsoffin finafinai, wanga na Italiya ne, baƙi da fari, Alberto Lattuada ya shirya shi a 1965 daga wasan kwaikwayon da marubucin Italiya Makiyabeli ya rubuta wajen 1518. Wani shagon masu tura fim kusa da kasuwar Wadata na samo shi, dala arba'in yaron ya amsa ya zuba min a kile.

Labarin dai a birnin Florence ne. Nicia tsohon lauya mai kuɗi, shekara shida da aure ba haihuwa, matarsa Lucrezia kyakkyawa ga tsoron Allah, shi kuma wani saurayi Callimaco tun daga Paris ya ji labarin kyanta ya taho. Sai wani ɗan duniya Ligurio ya ƙulla makirci, aka mai da Callimaco likitan ƙarya ya ce akwai saiwar wata tsiro mandragola, in ta sha za ta ɗauki ciki amma namijin da ya fara kusantarta bayan shan maganin mutuwa zai yi, don haka a kamo wani ɗan titi da dare ya ɗauke dafin, kuma wallahi mijin da kansa ya shiga cikin masu kamun, ya kamo Callimaco ɗin da ya ɓadda kama ya kai shi har ɗaki yana murna. Duk wanda ya taɓa ganin yadda boka ke juya mai neman haihuwa zai gane Nicia tun kafin ya buɗe baki.

Rosanna Schiaffino da ta fito a Lucrezia ta yi ƙoƙari, amma Totò ne ya cinye fim ɗin. Shi ne fada Timoteo da aka ba toshiya ya lallashi matar, ka duba idonsa lokacin da ake zancen kuɗi, baki na wa'azi ido na kan jaka, sai da na maida wurin baya na sake kallo. Kayan sawa ma sun yi kyau, har Danilo Donati da ya tsara su ya shiga takarar Oscar da su.

Inda kwafin ya gaza, rubutun faransancin da ke ƙasa yana makara, mutum ya gama magana sannan fassara ta iso, sauti ma na raguwa wajen ƙarshe. Ku sa a gwada muku a shagon kafin ku biya. Kuma akwai wuraren da ba ka so tsohuwarka ta shigo ta iske ka kana kallo, ku sa a waya da abin kunne kawai.