Ƙaramin majigi HY300: ya isa kallon finafinan masu zaman kansu a gida a Zariya?

Finafinan da ake yi da ƙaramin jari, ba tare da wani babban kamfani a baya ba, ba sa gaggawa. Kyamara takan tsaya a fuskar mutum ɗaya na tsawon lokaci, magana kaɗan, kiɗa kaɗan. A waya irin wannan fim lalacewa yake yi, domin kafin hankalinka ya shiga ciki saƙon WhatsApp ya faɗo. Shi ya sa masu son su ke komawa ga ƙaramin majigin nan HY300, wanda ake sayarwa da sunayen kamfanoni barkatai. Hukuncinmu tun daga farko: ya cancanci kuɗinsa idan da dare za ka yi kallo, kuma ka yarda ba za ka gaskata rabin abin da aka rubuta a kwalinsa ba. Mai neman abin da zai maye gurbin talabijin a falo da rana ya riƙe kuɗinsa.

A kwali za ka ga 4K da manyan haruffa. Ma'anarsa kawai na'urar tana iya buɗe fayil mai wannan girman. Hoton da take harbawa a bango 1280 x 720 ne, ba ya wuce nan. Haka zancen haske: dubban lumen da ake rubutawa talla ce, a ma'aunin ANSI wanda shi ne na gaskiya ba ya wuce 200. Tana zuwa da Android 11, RAM 1GB, ma'aji 8GB, ramin HDMI ɗaya, na USB ɗaya, da na wayar sauti. Idan a Sabon Gari ko PZ za ka saya, kada ka bar shagon sai an kunna maka an haska farin hoto zalla a bango ko a kwali. Duk wani ɗigo baƙi ko tabo ruwan ɗorawa zai fito a nan, kuma ba ya warkewa a gida. Ka kiyayi ƙanensa masu arha irin YG300: hotonsu 320 x 240 ne, ko rubutun fassara ba ya karantuwa da kyau.

Babban kuskuren masu sabon majigi shi ne kwaɗayin girman hoto. Hasken da ke fitowa ɗaya ne, kai ke baza shi. Idan ka tashi daga inci 60 zuwa inci 100, faɗin wurin ya ninka kusan sau uku, hasken kuma ya ragu kusan sau uku. Inci 70 zuwa 80 shi ne daidai. Hoton inci 80 faɗinsa santimita 177 ne, kuma na'urar ba ta buƙatar nisa, ƙasa da mita 2 daga bango ta cika shi, don haka ɗakin ɗalibi a Samaru ko Kongo ma ya wadatar. Ka ɗora ta a kan teburi tana kallon tsakiyar bangon kai tsaye. Tana da dabarar gyara hoto idan an karkata ta, amma gyaran yana cin ƙwayoyin hoton, kuma yana ƙara dishewar kusurwoyi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai kallon finafinan ƙetare, domin fassara a ƙasa take zama. Idan kana juya ƙafar saita hoto, ka saita da rubutun fassarar, ba da fuskar ɗan wasa ba. Fuska ta ɗan dishe ido yana yafewa, rubutu kuwa ciwon kai yake kawowa.

Bango ya zama fari mai fentin ruwa marar sheƙi. Fentin mai yana mayar da haske tsakiya kamar an haska tocila. Idan bangonka shuɗi ne ko yaɓen bai yi sumul ba, farin yadi mai kauri da aka goge aka ɗaure kusurwa huɗu ya fi, ko falanki da aka shafa wa farin fenti sau biyu.

Wajen wuta ne ya burge mu. Cinsa bai kai wat 60 ba. Batir 12V mai 100Ah yana ɗauke da kusan 1200Wh. Idan rabi ka yi amfani da shi don kada ya mutu da wuri, ka cire asarar inbata, za ka tsira da kamar 500Wh. Majigi da ƙaramar lasifika za su yi kusan awa 7 a kan wannan, wato fim uku ke nan ko NEPA ba ta waiwayo ba. Da janareta kuwa, ka bari ya daidaita kafin ka jona, ka kuma kashe majigin da rimot kafin a kashe injin.

Sautinsa kam ba abin yabo ba ne. Lasifikar ciki ƙarama ce, fankar da ke sanyaya fitilar kuma tana da ƙara, a fim mai yawan shiru ita za ka fi ji. Ka jona lasifika ta waje da wayar sauti, ka ajiye ta ƙarƙashin hoton. Bluetooth yana aiki, sai dai sau da yawa baki yakan riga murya motsi.

Yanzu ga inda mutane suka fi tsinewa na'urar, alhali gyaran mai sauƙi ne. Ka sa fim, hoto na tafiya, babu sauti: sautin fayil ɗin na Dolby ne, wanda manhajar da ta zo da majigin ba ta karantawa. Ka sauke manhajar kunna bidiyo ta VLC ka buɗe fim ɗin da ita. A nan ma za ka iya matsar da sauti gaba ko baya idan Bluetooth ya kawo jinkiri. Filash ya ƙi karɓar fayil alhali akwai wuri: an tsara shi da FAT32 ne, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai 4GB, sai a sake tsara shi da exFAT ko NTFS a kwamfuta, bayan an kwashe abin da ke ciki. Fassara ta ƙi fitowa: fayil ɗin fassarar, wato srt, ya zama sunansa ɗaya da na fim ɗin, harafi da harafi, kuma a wuri ɗaya suke. Fim yana tsinkewa yana laƙewa: ya yi wa na'urar nauyi, ka nemi na 720p, tun da dama iyakar abin da bango zai nuna ke nan.

Netflix wani labari ne. Android ɗin da ke ciki ba shi da cikakken lasisin kare finafinai, don haka ko manhajar ta buɗe, hoton ba ya wuce 480p. Idan kuma ka haska daga waya, baƙin allo za ka gani da sauti kawai. Mafita ita ce HDMI: laftof, ko 'yar na'urar kallon finafinan intanet irin Fire TV Stick. YouTube ba shi da wannan matsala. Ka yi lissafin data kusan 1GB a awa ɗaya ga hoton 720p, don haka gara ka sauke da datar dare a inda manhajar ta ba da dama. Abin da masu tura fim ke zuba wa mutane a waya yawanci an matse shi ne don ƙaramin allo, a bango sai ya farfashe. Ban da haka, mai shirya fim da kuɗin aljihunsa shi ne wanda turin ya fi cuta. In yana da tasharsa ta YouTube ko ya sa fim ɗin a wata manhaja ta biya, a can ya kamata a kalla.

Wane fim ya dace da wannan na'ura? Mai haske. Timbuktu na Abderrahmane Sissako, na 2014, kusan duk a cikin rairayi da rana yake, kuma wurin da samari ke buga ƙwallo ba tare da ƙwallo ba, saboda an haramta ta, yana buƙatar faɗin bango kafin a ga kyansa. The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, na 2020, wanda aka ɗauka a jihar Taraba kuma akasarin maganarsa Hausa ce, yana fitowa da kyau a wuraren tsaunuka da kiwo. Labarin 'yan'uwa mata biyu ne da masu tayar da ƙayar baya suka tarwatsa rayuwarsu, don haka a bari yara su yi barci. Na zama da iyali gaba ɗaya shi ne Children of Heaven na Majid Majidi, fim ɗin Iran na 1997, kan yaro da ƙanwarsa da ke karɓa-karɓar takalmi ɗaya zuwa makaranta. Ko wanda bai iya karanta fassara ba zai bi labarin. Eyimofe na tagwayen nan Arie da Chuko Esiri, na 2020, an ɗauke shi a Legas a kan zaren fim na 16mm, saboda haka tsaki-tsakin da za ka gani a hoton daga asali ne, kada ka zargi majiginka.

Inda na'urar ta faɗi warwas shi ne Mami Wata na C.J. Obasi, na 2023, fim mai baƙi da fari wanda ya samu lambar yabo ta ɗaukar hoto a bikin Sundance. An gina shi a kan baƙi wuluk da farin kwalliyar fuska. HY300 ba ya iya baƙi, toka-toka yake bayarwa, sai dare da teku da fatar mutane su cakuɗe. Wannan a talabijin mai kyau za a kalle shi, ko inci 32 ce.

Sai yanayin garinmu, wanda shi ke yanke tsawon ran na'urar. Cikinta ba a rufe yake ruf ba, fanka tana jan iska ta wuce kusa da gilashin hoton. Da hunturu ƙura takan shiga ta zauna, ta zama ɗigo-ɗigo a bango. Da an gama kallo na'urar ta huce, a mayar da ita kwali ko jaka mai zif, kada ta kwana a kan teburi. Da bazara, a watan Maris da Afrilu, zafi ne abokin gaba: idan aka toshe hanyar iska, ledar da ke jikin gilashin takan ƙone, wani tabo ruwan ƙasa ya fito a tsakiya yana girma. Kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma, a bar mata tazarar taƙi ɗaya ta kowane gefe, a kuma ba ta hutun minti 15 tsakanin fim da fim. Kallo a tsakar gida bayan isha'i yana da daɗi da rani, muddin an kashe ƙwan ƙofa. Da damina ƙwari za su rufe hasken, gara a koma ɗaki a sauke labule.

Ka sayi batir AAA guda biyu tun a kasuwa, domin yawanci rimot ɗin babu batir yake zuwa, kuma in ba shi kusan babu abin da za ka iya saitawa. In ya ɓace, linzamin kwamfuta na USB yana yin aikin, sai dai zai cinye ramin da filash ke shiga, sai ka haɗa da ƙaramin abin raba USB.