Baƙin soso ko fari: wanne akwatin kifinka ke buƙata?

Ɗan'uwa, ka ce sati biyu ke nan da haɗa akwatin gilashinka, ka zuba kifin ado da yawa a lokaci guda, yanzu ruwan ya soma yin rawaya, kifayen kuma suna tasowa sama suna haki. Mai shago ya nuna maka soso iri biyu na sakawa a filta, wato matatar ruwan akwatin, baƙi mai gawayi da fari mai ziyolait, ka rasa na ɗauka. To, matsala biyu ce gare ka, kuma kowane soso ɗaya kaɗai yake taɓawa.

Baƙin ɗin gawayi ne da aka gasa da tururi a zafi mai tsanani, yawanci daga ɓawon kwakwa ko kwal, har ya cika da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. A ramukan nan launi da wari da sinadarin kulorin na ruwan famfo suke maƙalewa. Idan akwai guntun itace a akwatin, galibi shi ke rina ruwan, kuma gawayi zai wanke launin cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma ba ya kama amoniya, ba ya kama naitarait, wato sinadarai masu dafi da ke taruwa a ruwa daga dattin kifi. Ruwa zai yi garau, kifi kuma ya ci gaba da mutuwa. Bayan sati uku zuwa huɗu ramukan sun cika, sai a jefar. Ba a iya sabunta shi a gida. Kada ma ka yi tunanin gawayin girki zai maye gurbinsa, ba a yi masa waccan gasawar ba.

Hakin nan shi ya fi damuna. Kifi na fitar da amoniya ta matsefin numfashinsa, kashinsa da ragowar abinci su ma suna ruɓewa su ƙara. A akwatin da ya daɗe da kafuwa, bakteriya masu amfani da ke zaune a soson filta su ke mayar da ita naitarait, sannan naitaret wanda bai kai su illa ba. Kafin su yawaita ana ɗaukar sati huɗu zuwa shida, kai kuwa kana na biyu. Ga shi kuma dafin amoniya yana ƙaruwa idan ruwa ya ɗumama, saboda haka a zafin bazara abin ya fi muni.

Nan farin soson ke da amfani. Ziyolait ma'adini ne da ke kama amoniyar, ya saki wani sinadari kamar sodiyam a madadinta. Ruwan da babu gishiri kaɗai yake yi wa aiki, kuma a nan mutane da yawa ke yin ɓarna: an saba idan kifi ya yi rashin lafiya a barbaɗa gishiri, to gishirin yana sa ziyolait ya sako amoniyar da ya riƙe. Cire shi kafin ka sa gishiri. Wannan halin nasa ne kuma ya sa ake sabunta shi: a jiƙa cikin ruwan gishiri mai kauri a wani bokiti ya kwana, a ɗauraye sosai, a mayar. Ruwan rijiya mai yawan ƙasa-ƙasa, irin wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa, yana rage masa ƙarfi. Babban aibinsa kuwa, yana cinye abincin bakteriyar da kake jira su yawaita, don haka barinsa dindindin ja da baya ne.

Da ni ne, kuɗin farko kayan gwajin amoniya zan saya, na ɗigo, domin ƙarancin iska ma yana sa kifi haki, musamman idan an ɗauke wuta filta ta tsaya. Idan gwajin ya nuna wani abu sama da sifili, canza rabin ruwan yau da wanda aka cire wa kulorin, rage abinci zuwa sau ɗaya a rana, sannan sa farin soson ya riƙe ka na ɗan lokaci. Baƙin zai iya jira, rawayar itace ba ta kashe kifi. In ka tashi sa shi, ɗauraye ƙurar tukuna, ka jera shi bayan soson da ke tare datti don kada ya toshe da wuri. Duk ranar da za ka zuba magani, irin shuɗin maganin kifi da ake kira mesilin, fitar da baƙin, in ba haka ba shi zai shanye maganin.

Soson asali da ke cikin filtar kuma kada ka wanke shi a famfo. Matsa shi a ruwan da ka kwaso daga akwatin.