Ƙofar kabad mai naɗuwa a kicin ɗin tsohon jirgin ruwa: wacce za ka saya?

Ƙofar da ake kira tambur siraran sandunan katako ne da aka jera aka manne a kan yadin kanbas, tana zamewa cikin gurbi tana lanƙwasa kamar asabari. Masu ƙera jiragen ruwa sun so ta a kicin domin ba ta cin wuri, kuma igiyar ruwa ba ta bankaɗe ta. Matsalar ita ce yawancin kamfanonin da suka ƙera tsofaffin jirage sun daina yin waɗannan ƙofofi, wasu ma sun rufe, don haka samun wadda za ta shiga daidai sai an tashi tsaye.

Kafin ka sayi komai, zare tsohuwar ka duba bayanta. Sau da yawa katakon lafiyarsa ƙalau, yadin ne danshi da hunhuna suka cinye, ko gam ya saki. In haka ne, babu zaɓin da ya kai sabunta yadin, domin sandunan an yanke su ne daidai da gurbin jirginka. Ka sa wa kowane sanda lamba da fensir, ka kankare tsohon gam, ka goge da samfefa. Idan sandunan na katakon tik (teak) ne, yana da maiƙo, don haka a share bayansa da asiton, sinadarin da ke cire maiƙo, dab da shafa gam, in ba haka ba gam ba zai kama ba. Ka kifa sandunan a kan allo, ka matse su gam-gam da katakai ta ɓangarori huɗu, ka tabbatar kusurwa ta miƙe. Yadin ya tsaya kamar milimita 10 kafin bakin sanduna sama da ƙasa, saboda kada ya shiga gurbi ya riƙa gogawa. Gam na katako mai jure ruwa irin Titebond III ya wadatar, a shafa shi siriri. Kada ka yi amfani da gam ɗin efoksi, yana sandarar da yadi har ya karye a wurin lanƙwasa. Bayan kamar awa guda ka lanƙwasa ƙofar a hankali, gaɓa bayan gaɓa, don gam ɗin da ya tsiyaya tsakanin sanduna kada ya haɗe su.

Idan sandunan sun ruɓe ko sun ɓace, sai sabon tambur na tik zalla a kan kanbas, wanda ake sayarwa falle guda ka yanka. Shi ne na biyu a wurina, kuma bai yi nisa da na farko ba. Awo uku za ka riƙe: faɗin gurbi, zurfinsa, da tsananin kwanar da ƙofar ke sha. Kwana mai tsanani tana son sanduna sirara, masu faɗi za su cije a tsakiya. Auna tsayin bakin kabad a wuri uku, domin tsohon jirgi da wuya ya zauna daidai, ka ɗauki mafi gajarta, ka bar sarari na milimita 2 zuwa 3 saboda katako yana kumbura da laima.

Tambur na roba ba ya ruɓa, amma zafin murhu yana tanƙwara shi, rana kuma tana sa shi gautsi. Na alminiyom yana da ƙarfi, sai dai yakan zo da nasa gurbin, wato sai ka fasa kabad, ga ƙara idan inji na aiki.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen sunan tik. Akwai tambur mai arha da aka yi da allon MDF, wato garin katako da aka matse da gam, aka lulluɓe da ɓawon tik siriri kamar takarda. A hoto ba ka bambanta shi da na gaske. A kicin ɗin jirgi kuwa, tururin tukunya da iskar gishiri suna shiga ta bakin da ka yanka, ya kumbura, ya cije a gurbi, ɓawon ya ɗaye. Ka nemi hoton bakin sanda daga kusa, ko a aiko maka guntu. Tik na gaske zarensa yana ratsawa har ciki, yana da santsin maiƙo a yatsa da ƙamshi kamar na fata idan an goge shi. MDF kuwa cikinsa kamar dusa ce da aka danne. Wasu kuma iroko suke sayarwa da sunan tik na Afirka. Iroko katako ne mai kyau, amma ba tik ba ne, bai kamata ka biya kuɗin tik a kansa ba. Duk mai sayarwa da ya rubuta “launin tik” ko “kamannin tik”, to rini yake nufi. Tambayi abin da ke baya ma: wasu takarda ce ko yadi marar kauri, ba sa jure ninkawa.

Sukurorin mariƙi su zama na bakin ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316 ko na tagulla. Ka shafa banish ko man katako kafin a jera sanduna, domin idan aka shafa daga baya yana manne gaɓoɓi. Gurbin kuma a share shi tas, a goga masa kakin kyandir. Mai ko giris yana tara ƙura da gishiri, cikin ɗan lokaci ƙofar ta sake cijewa.