Mariƙin waya na alminiyam a kan babur: ingancinsa da yadda ake ɗaura shi ya zauna

Masu kai saƙo a cikin Kaduna, da duk wanda ke bin taswirar Google Maps daga Kawo zuwa Barnawa ko lungunan Rigasa, sun san cewa ciro waya daga aljihu a kowace mahaɗa ɓata lokaci ne, kuma hatsari ne. Mariƙan da ake samu a shagunan kayan waya na Ahmadu Bello Way da wajen masu kayan gyara a Panteka galibi iri uku ne: na filastik mai sifirin, na jaka mai zif da fuskar leda, sai na alminiyam mai noti a gefe da ake murzawa da hannu. Na ukun shi ne ya cancanci kuɗin mutum, duk da ya fi sauran tsada, amma da sharaɗi.

Na filastik ba ya jure ranar Maris da Afrilu. Yana bushewa, sifirin ɗin ya saki, rana ɗaya a faɗa rami waya ta yi tsalle. Na jaka yana kare ruwa, sai dai yana dafa waya. Apple ma cewa ya yi a yi amfani da iPhone a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, ga shi zafin Kaduna a bazara yana haura hakan tun kafin a kulle waya cikin leda tana caji.

Na alminiyam faratu huɗu gare shi, biyu a kowane gefe, kuma yawancinsu suna kama waya mai faɗin milimita 55 zuwa 100. Ƙarfinsa yana wajen notin gefen nan: da zarar an murza, ba sifirin ke riƙe da wayar ba, zaren noti ne, wato layukan da notin ke bi in ana murza shi, don haka gargada ba ta iya buɗe shi. Kafin a biya kuɗi, a saka wayar da rigarta a gwada a shagon. Faratun su sauka a inda babu maɓallin ƙara ko na kunnawa, in ba haka ba waya za ta riƙa kashe kanta a hanya. A kuma duba cikin faratun akwai 'yar roba mai laushi. Wanda babu, zai ci gefen waya.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ɗaurin. Sitiyarin Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue da makamantansu kaurinsa milimita 22 ne, alhali zoben mariƙin da yawa an yi shi ne da faɗin milimita 31.8 saboda kekuna. Shi ya sa ake sako zobban cike guda biyu a kwalin, na 25.4 da na 22.2. Wanda ya jefar da su ya ɗaure haka nan, zai ƙure noti amma mariƙin ya riƙa juyawa, waya ta sunkuya tana kallon tanki. In zoben ciken ya ɓace, a yanko tsohon tib mai faɗin santimita 2, a naɗa a sitiyarin har ya cike gurbin, a ɗora zoben mariƙin a kai. Kafin nan a goge ƙarfen sosai, domin mai da ƙurar hunturu su ke sa shi santsi.

Wurin da ya fi dacewa shi ne miƙaƙƙen sashen sitiyari kusa da tsakiya, ɓangaren hagu, saboda hannun dama yana kan totur da birkin gaba. Kada a ɗaure a kan lanƙwasa, zobe ba ya zama daidai a nan. Notunan alinki biyu da ke matse zoben a riƙa murza su bi da bi, wannan kaɗan wancan kaɗan, har tazarar da ke tsakanin leɓunan zoben ta zama ɗaya a kowane gefe. Alminiyam ƙarfe ne mai laushi, in aka danne da ƙarfin tsiya zaren zai cinye, shi ke nan an yi asara. Jijjigar inji mai silinda ɗaya tana kwance noti a hankali, don haka a sa washa mai sifirin, ko ɗigo ɗaya na shuɗin man kulle noti irin Loctite 243. Ban da sufa gulu: yana bushewa ya farfashe, kuma yana cin filastik. Bayan an gama, a karya kan babur dama da hagu har ƙarshe, a tabbata waya ba ta taɓa tanki, ba ta rufe mita ko ramin makulli, ba ta kuma danne wayar kuloci.

Akwai nau'in da ake ɗaurawa a gindin madubi. Yana da amfani ga babur mai rufaffen kai irin roba-roba, amma ya fi kaɗawa saboda hannunsa dogo ne. Zaren madubi milimita 8 ne ko 10, kuma a baburan Yamaha da yawa madubin dama zarensa a juye yake, wanda bai sani ba zai yi ta matsewa yana zaton kwancewa yake yi.

Babban aibin wannan mariƙi shi ne taurinsa. Duk jijjigar inji tana shiga waya kai tsaye. A watan Satumban 2021 Apple ya fito ya yi gargaɗi cewa jijjigar babur na iya lalata na'urar daidaita hoto ta kyamarar iPhone, ya kuma ba da shawarar a sa mai rage jijjiga ko a kan ƙananan babura ne. Alamar lalacewar ita ce hoto ya riƙa rawa ko ya ƙi fitowa tar. Kamfanoni irin Quad Lock suna sayar da abin rage jijjigar daban, amma na kasuwarmu ba ya zuwa da shi. Mafita mai sauƙi: a ware tsohuwar waya marar tsada don taswira kawai, a sauke taswirar Kaduna a cikinta tun a gida don ta yi aiki ko babu data, babbar wayar ta zauna a aljihu. Wannan ya rage zafin ƙwacen waya ma, domin a cunkoson Kasuwa ko danjar Ahmadu Bello Way waya a fili tana jan ido. A nan notin gefen yana taimakawa, ba a iya fizge ta da hannu ɗaya. Duk da haka a ƙara igiya: siririn zaren nailan daga rigar waya zuwa gindin madubi, gajere yadda ko ta kuɓuce ba za ta kai taya ba.

Wasu mariƙan suna zuwa da cajar USB a jiki, mai mayar da wutar batir ta bolt 12 zuwa 5. A nemi mai amfiya 2 ko fiye, don taswira da hasken fuska suna shan wuta fiye da abin da ƙaramar caja ke bayarwa. A ce wa mai wayarin ya ɗauko wutar daga layin da ke kawowa bayan an murza makulli, ya sa fis na amfiya 3 a jan layin. In aka jona kai tsaye a batir, cajar tana tsotsar wuta ko babur a kashe, ƙaramin batirin Boxer kuwa ba ya jure haka in ya yi kwanaki a ajiye. Ramin cajar ya kalli ƙasa, kuma ya kasance da murfin roba, saboda ruwan Agusta.

Ruwan sama ba shi da magani a wannan mariƙi, babu rumfa babu murfi. Ɗigon ruwa a fuskar waya yana danna abin da ba a danna ba, taswira ta gudu. Hadari na haɗowa a cire waya a sa a leda. A riƙa taɓa notunan da alinki sau ɗaya a mako, musamman masu bin hanyoyin da ba kwalta a Rigasa da bayan Mando, a kuma wanke zaren notin gefe da tsohon buroshi idan ƙura ta sa ya fara cijewa.