Tsohon distirbuta na Lucas ko sabo na kwali?

Alhaji, ka tambaya ko ka sauya tsohon distirbutan taraktarka, wato na'urar da ke raba wuta ga fulogi, da sabo. Kada ka cire wannan Lucas ɗin daga Ferguson ɗinka. Tawa TEA-20 ce mai fetur, ƙirar Ingila da aka daina a 1956, gadon mahaifina, kuma ta yi min abin da ka ce taka ke yi: a silo, wato inji na aiki a tsaye, lafiya lau, da garma ta shiga ƙasa sai ƙarfi ya mutu, inji ya ɗau zafi.

Damina guda ina zargin kafireta. Wani dattijon makanike ne ya buɗe murfin distirbuta, ya kama rota, abin da ke juyawa a tsakiya yana kai wuta ga kowane fulogi, da yatsu biyu ya murɗa. Ko gezau. Ya ce in lafiya take, za ta ɗan juya ta dawo da kanta. Ƙarƙashin farantin kwantak, wato bakin da ke buɗewa da rufewa don ba da wuta, akwai 'yan ƙarafa biyu masu nauyi, kowanne da sifirin ɗinsa. In inji ya ƙara gudu sai su buɗe, wuta ta riƙa isa fulogi da wuri. Nawa tsatsa da busasshen giris sun manne su, shi ya sa taimin, wato lokacin isar wuta fulogi, ya tsaya wuri ɗaya. Ya jiƙa su a kananzir cikin gwangwanin madara, ya goge da tsohon burushin haƙori, ya ɗiga bakin mai a ƙarƙashin rota. Sai da ya daidaita tazarar kwantak a kusan inci 0.015 kafin ya taɓa taimin, don in ka sauya tazarar daga baya taimin ya goce. Wayoyin fulogi kuwa jerin silindarsu 1-3-4-2 ne. Da yamma taraktar ta ja garma kamar ba ita ba, kuɗin shayi kawai makaniken ya karɓa, shi ma da ƙyar.

Sabo na kwali na taɓa saye kafin nan. Inji yana tashi da wuri da shi, wannan na yarda, amma cikin wata biyu sandarsa ta fara lilo, yana nan a kwandon tarkace.

Ka yi hattara da masu kayan gyara. Wasu na mota suke wankewa su sa a tsohon kwali su ce na tarakta ne. In ka ga ɗan gwangwanin iska a gefensa, ajiye musu, na Ferguson ba shi da shi. Sifirin ɗin mota an yi shi ne don gudun da tarakta, mai tsayawa a juyi kusan 2,000 a minti, ba za ta kai ba. Kuma kada ka bar musu tsohonka a matsayin ciko, shi suke hari.

Gyara naka, ka sayi kwantak da kwandensa sababbi kawai.